Hukuncin Tsare Rai A Lokacin Malka Da Ambaliya

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai saukar da ruwa a lokacin da ya so, a inda ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, idan watan Agusta ya kama, malka ta sauka a ƙasar Zazzau, akwai magana guda da ta ke yawaita a bakin jama'a a zauren ta'aziyya da wurin jaje, watau a ce ƙaddara ce. Soro ya rufta wa mutane cikin dare, a ce ƙaddara ce. Ruwa ya janye yaro a bakin kwalbati, a ce ƙaddara ce. Maganar gaskiya ce, domin imanin Musulmi ba ya cika sai ya yarda da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, kuma babu abin da ya fi ta sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi. Amma maganar tana da muhallinta. Bayan abu ya auku a ke faɗinta domin haƙuri. Wanda ya ɗauko ta tun abu bai auku ba, ya mai da ita mayafin sakacinsa, to, ya ɗora wa addini abin da addini bai ce ba.

Mutanen Gyallesu sun fi kowa sanin dalilin wannan magana. Zariya tana samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa kuwa tsakanin Yuli da Satumba ya ke zuba. Ruwan da ya sauka a Tudun Jukun da Tudun Wada ba ya zama a can, gangarowa ya ke yi, ta lambatu da kwalbati da rafin Kamaca, yana neman Kubanni, wadda ta taso daga wajen Samaru ta ratsa tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada, har ta faɗa Galma. Gyallesu, maƙwabciyar Kongo, tana cikin unguwannin da wannan ruwa ya ke bi kafin ya kai gidansa. Ko da ya ke sunan yankin Tudun Wada, ba kowane gida ne a kan tudu ba. A watan Satumba na 2025 ruwa mai ƙarfi ya rushe gidaje masu yawa a Tudun Wada da Tudun Jukun, ya kuma tafi da yara, har sai a gangaren Gyallesu aka tsamo gawar ɗaya daga cikinsu. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ruwan da ya ci mutum a wata unguwa, da ruwan da ya shiga ɗaki a wata, duk ruwa ɗaya ne, kuma hanya ɗaya ya ke bi.

Sahabbai sun riga kowa fahimtar ƙaddara. Lokacin da Sayyidina Umaru ɗan Haɗɗabi, Allah ya yarda da shi, ya nufi ƙasar Sham, sai labari ya tarye shi a hanya cewa annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara da Muhajirai da mutanen Madina, daga baya ya yanke a koma. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah za a yi. Umaru ya amsa masa cewa lalle gudu ne, amma daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ya kuma buga masa misali da mai raƙuma da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa, ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kai dabbobinsa, da ƙaddarar Allah ya kai su, amma mai hankali ya san gefen da zai zaɓa.

Shi dai wannan Umaru an jarrabe shi da ambaliya ita kanta. Makka a cikin kwari ta ke, duwatsu sun kewaye ta, saboda haka tun zamanin jahiliyya ruwa ya kan kwararo ya shiga Harami. Ɓarnar ruwa tana cikin dalilan da suka sa Ƙuraishawa suka sake ginin Ka'aba, Annabi yana da shekara 35. A zamanin halifancin Umaru wata ambaliya ta shiga masallacin, ta ɗauke Maƙamu Ibrahim daga mazauninsa ta kai shi gangaren gari. Da labari ya isa Madina, Halifa ya taso da kansa, ya mai da dutsen wurinsa, sa'an nan ya sa aka gina madatsi da manyan duwatsu a saman garin domin a karkatar da ruwa daga masallaci. Babu wani daga cikin sahabbai da ya ce masa Ɗakin Allah ba ya bukatar madatsi. Har ila yau, a shekara ta 1039 bayan Hijira, watau 1630, ruwa ya sake cika Harami har bangayen Ka'aba suka zube, aka sake gina ta a zamanin Sarkin Musulmi Muradu na Huɗu na daular Usmaniyya. To, idan ruwa bai kauce wa Ɗaki mai alfarma ba sa'ad da ya same shi a kan hanyarsa, wane ne mai katanga a bakin rafi da zai ce nasa ginin ya fi ƙarfin ruwa?

Daga nan a ke gane cewa farkon tsare rai a damina shi ne a bar wa ruwa hanyarsa, kuma a shari'a wannan hanya hakki ce. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa labarin Dahhaku ɗan Halifa, wanda ya so ya ja magudanar ruwa ta cikin gonar Muhammadu ɗan Maslama, shi kuwa ya hana. Da magana ta kai gaban Umaru, ya lallashe shi, ya nuna masa cewa abin zai amfani ɗan'uwansa, shi ma zai amfana, kuma ba zai cuce shi da kome ba. Ya dage a kan ƙi. Sai Umaru ya rantse cewa ruwan nan sai ya wuce ko da ta kan cikinsa ne, ya kuma ba da umurni aka ja magudanar. Wannan fa ruwan ban-ruwa ne, wanda hana shi hasarar amfani ce kurum. Ina ga ruwan da in an tare shi zai juya ya faɗa ɗakin maƙwabci, yara suna barci?

Mai karatu ya auna yawan ruwan da a ke magana a kai. Fili mai ƙafa 50 tsawo, ƙafa 50 faɗi, idan aka yi ruwa na milimita 50, wanda malka ta kan zubar da irinsa a dare guda, ruwan da zai sauka a kansa ya haura lita 11,000, watau fiye da jarka 450 irin ta 'yan garuwa. A da, tsakar gida ƙasa ce, tana shan rabonta, kududdufan unguwa kuma, waɗanda aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini, suna karɓar saura. Yanzu an rufe sama da kwano, an shafe ƙasa da siminti, an cike kududdufai da shara an yanka su filaye an sayar. Jarka 450 ɗin nan ba ta ragu da ko ɗaya ba, sai dai kowane gida ya tura tasa waje, ta haɗu da ta gidaje ɗari, duka su nufi lambatu guda wanda leda da robar ruwa da tsumma suka riga suka toshe.

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare, har mutane sun daina ganin muninta: da hadari ya haɗu, sai a ce wa yara su fita da shara su juye a lambatu, ruwa ya tafi da ita. Ina zai kai ta? Kwalbatin da ke gangare zai kai ta, ta tsaya a can, ruwa ya tumbatsa ya hau titi, ya shiga zaure. Mai wannan aiki yana iya kasancewa a sahun farko a kowace salla, bai kuwa san an rubuta masa rushewar ɗakin wani wanda bai taɓa gani ba. Ga shi kuwa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cuta da cutarwa, ya sanya kau da abin cutarwa daga hanya a cikin rassan imani, ya kuma yi gargaɗi mai tsanani ga mai yin bayan gida a mashayar ruwa da tsakiyar hanya da inuwar da mutane ke hutawa. Saboda haka aikin gayyar yashe lambatu da samari su kan yi kafin damina ta kankama ibada ce cikakkiya in an kyautata niyya, kuma ya fi dacewa liman da mai unguwa su kasance a gaba. Hukuma ita ma tana da nata kason, na gina magudanai da kwashe bola da hana gini a bakin rafi, kuma za a tambayi kowane mai riƙe da amana game da amanarsa. Amma gazawar hukuma, in ta gaza, ba ta halatta wa magidanci ya toshe abin da ya rage.

Bayan hanyar ruwa sai bango. Ginin ƙasa gini ne mai albarka, kakanni sun rayu a cikinsa ɗaruruwan shekaru, amma sun rayu ne da sharaɗinsa: a yi yaɓe kafin damina, a gyara indararo ya riƙa zuba nesa da gindin bango, a share kan soro kada ruwa ya kwanta. Ruwa ba ya rushe bango rana ɗaya, gindinsa ya ke jiƙawa a hankali, azara ta riƙa ɗaukar nauyin jiƙaƙƙiyar ƙasa, har ranar da za ta gaza. Alamu kuwa ba su ɓuya: tsaga sabuwa, danshi yana hawa bango, ƙasa tana zubowa daga rufi, ƙofa ta fara ƙin rufuwa. Zazzagawa ba za su manta da ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023 ba, da wani sashe na babban masallacin Zariya, wanda Babban Gwani ya gina tun shekarun 1830, ya rufta a kan masallata ana sallar La'asar, rayuka suka salwanta. Mai martaba Sarkin Zazzau ya bayyana a lokacin cewa an ga tsaga a bango kwana guda kafin nan, ana kuma shirin kawo masana su duba. Kwana guda ke nan tsakanin ganin tsaga da rushewa. Magidancin da ya ga irin wannan alama a ɗakin da iyalinsa ke kwana, wajibi ne a kansa ya fitar da su a wannan daren, ko da a zauren maƙwabci za su kwana, ko a masallaci, ko a makaranta. Kunyar roƙon wurin kwana ba ta kai nauyin rai ba.

A nan wani ya kan ce ai wanda gini ya faɗa wa, da wanda ruwa ya ci, shahidai ne. Haka ne, hadisi ingantacce ya lissafa su cikin shahidai, kuma wannan babbar rahama ce ga mamaci da sanyi ga danginsa. Sai dai Annabin da ya yi wannan bushara shi ne kuma aka ruwaito yana neman tsarin Allah daga rushewar gini, da faɗowa daga bisa, da nutsewa, da ƙonewa. Abin da Annabi ya nemi tsari daga gare shi ba abin da Musulmi zai kai kansa gare shi ba ne. Kuma shahadar yaron da bango ya danne ba ta wanke uban da ya ga tsaga mako guda ya yi shiru.

Sa'an nan a dubi daren ruwan kansa, domin a nan ne sauƙin shari'a ya fi fitowa fili. Babu taron da ya fi na salla girma a wurin Musulmi, amma shari'a ta sassauta shi saboda ruwa. Ya tabbata cewa Annabi ya kan umurci ladan a dare mai sanyi da ruwa ya sanar da mutane su yi salla a masaukinsu. Abdullahi ɗan Abbas ya yi haka a ranar Juma'a mai ruwa, da ya ga kamar mutane sun yi mamaki, sai ya gaya musu cewa wanda ya fi shi ya aikata haka, kuma ba ya son ya fito da su su yi ta tafiya cikin taɓo da santsi. Malaman Malikiyya, waɗanda littattafansu a ke karantawa a zaurukan Zariya, sun bi wannan. Muhtasar na Shaihu Halilu ya lissafa tsananin ruwa da tsananin taɓo cikin uzurorin barin Juma'a da jam'i. Risala ta Ibnu Abi Zaidin ta bayyana yadda a ke haɗa Magariba da Lisha a daren ruwa, ko daren taɓo da duhu: a kira Magariba a farkon lokacinta, a ɗan jinkirta kaɗan, a sallace ta, sa'an nan a kira Lisha a cikin masallaci, a tsai da ita, jama'a su watse da sauran haske, kafin shafaƙi ya ɓuya. Wuturi kuwa kowa ya bari sai shafaƙi ya ɓace ya yi a gidansa. Dubi hikimar: an gaggauta farilla daga lokacinta domin dattijo ya ga inda zai sa ƙafarsa. Limamin unguwar da ke da buɗaɗɗun lambatu da ƙarancin fitila, in ya ga hadari ya haɗu da Magariba ya ƙi yin jam'i don kada a ce ya yi sassauci, ya bar sunna, ya kuma jefa mamu cikin hatsari.

To, idan an yafe wa mutum Juma'a saboda ruwa, da wace hujja zai tsunduma cikin ruwa mai gudu domin ya isa shago, ko ya kai fasinja, ko don kada a ce ya ji tsoro? Ruwa abu ne mai nauyi, jarka guda kilo 25 ce, kuma wanda ke gudu a kwalbati jarka dubbai ne suna bin juna. Masana sun auna cewa ruwa mai gudu da bai wuce inci 6 ba yana iya kayar da babban mutum, mai zurfin ƙafa guda kuwa yana iya ɗaga ƙaramar mota, balle babur ko Keke Napep. Abin da ya fi wannan muni, in ruwa ya shafe titi ba a bambanta kwalta da bakin lambatu, taku ɗaya ne tsakaninsu. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara. Irin wannan ruwa na cikin gari ya kan janye cikin 'yan sa'o'i, mai jira bai yi hasarar kome ba sai lokaci. Haka nan a nisanci turakun lantarki da wayar da ta faɗo, kuma in ruwa ya fara shiga gida a kashe wuta daga tushenta tun hannu da ƙafa suna bushe.

Yara su ne amanar da ta fi nauyi a nan, domin yaro yana ganin ruwan lambatu abin wasa ne. Malamin makarantar allo, da na Islamiyya, da na boko, kowannensu makiyayi ne a kan yaran da ke gabansa. In hadari ya taso lokacin tashi, riƙe su a aji har ruwa ya ɗauke, magudanai su sauka, ya fi sakinsu su yi tsere da shi. Iyaye kuma su daina aiken yara ana ruwa, ko da ruwa ya tsagaita, domin ruwan tudu yana isowa gangare ne bayan sama ta yi shiru. Almajirai da ke kwana a zauruka da kangaye su ma 'ya'yan wasu ne, hakkin mutanen unguwa ne su san inda su ke kwana a daren malka.

Ceton wanda ruwa ya ɗauka wajibi ne a kan wanda ya ke da iko, har malamai suka ce mai salla ya yanke sallarsa domin haka. Amma sharaɗin iko yana nan. Wanda bai iya ruwa ba, in ya faɗa, gawa biyu za a nema maimakon ɗaya, kuma a cikin kwalbati mai gudu ko gwanin iyo ba shi da dabara. Abin da ya wajaba a kansa shi ne ya yi kururuwa, ya miƙa gora ko igiya ko jarka marar kome, yana tsaye a wuri mai ƙarfi, ya kuma tura a tari gaban ruwan.

Gargaɗi kuma in ya zo a karɓe shi. Hukumar kula da yanayi, NiMet, da hukumar agajin gaggawa, NEMA, su kan ba da sanarwa ta rediyo da waya game da ruwa mai ƙarfi. Wannan ba da'awar sanin gaibu ba ce, duban alamu ne, kamar yadda manomi ke duban gabas ya ce a kwashe shanya. Wani lokaci su dace, wani lokaci ruwan ya sauka a wani wuri. Ambaliyar Maiduguri ta 10 ga Satumba 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, cikin dare ta zo. Ta Mokwa ta 29 ga Mayu 2025, wadda ta ci fiye da mutum 150, Unguwar Hausawa na cikin inda ta fi ɓarna, ita ma mutane ba su gama tashi daga barci ba. Mai gida a gangare, in an yi gargaɗi, ya kwana da fitila kusa, takardu da magunguna a ƙulle cikin leda a wuri mai bisa, kuma iyali su san gidan da za su nufa tun da rana. Addu'a kuma tana tare da wannan duka. Lokacin da aka yi mako guda ana ruwa a Madina, wani mutum ya miƙe ana huɗuba ya kai kukan cewa dukiya ta halaka, hanyoyi sun yanke, Annabi bai tsawata masa don ya koka da rahama ba, sai ya ɗaga hannu ya roƙi Allah ya mai da ruwan kewayen gari, kan tuddai da kwaruruka da matsirar itatuwa.

Bayan ruwa ya janye, sauran hatsarin yana cikin rijiya. Ambaliya ta kan cika masai, ta kwashi abin da ke ciki ta zuba a rijiyoyin da bakinsu ke ƙasa, daga nan a ke samun amai da gudawa. A fiƙihu, ruwan da najasa ta jirkita launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa ba a tsarki da shi, ba a kuma sha ko girki da shi. Wanda laka kurum ta gurɓata yana nan da tsarkinsa, taɓon hanya da ya fantsama a tufa kuma an yi rangwame a kansa matuƙar najasa ba ta rinjaya ba. Amma hukuncin alwala dabam, hukuncin lafiyar ciki dabam: ruwa yana iya zama garau a ido, ya halatta a yi alwala da shi, alhali yana ɗauke da ƙwayar cuta. Saboda haka rijiyar da ambaliya ta shiga a kwashe ta, a sa mata maganin da ma'aikatan lafiya ke bayarwa, ruwan sha kuwa a tafasa shi. Wanda gudawa ta kama, musamman yaro ko tsoho, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, a kuma garzaya da shi asibiti ba tare da jiran wayewar gari ba.